Ƙullin da Ban Gaya wa Yaya Idi Ba

Ranar da na sauka Gwangzu, Alhaji Ɗanliti ya tare ni a filin jirgi da runguma kamar uwarmu ɗaya. Ya karɓi jakata, ya tambayi mutanen gida, tun ba mu kai bakin mota ba kuma ya tambayi ƙarfin aljihuna. Jakar na bar masa. Aljihun kuwa na ce sai ido ya ga kaya. Ya yi dariya ya ce, "Mutanen kudancin Kano ke nan. A daji kuke, amma kun fi na birni wayo." Dillali ne, mutumin cikin birnin Kano, ya daɗe a ƙasar Sin yana raka baƙi irina masana'antu. Wani abokin ciniki ne ya haɗa mu ta waya.

Ba atamfa ce ta kai ni ba, ba kuma wayar hannu ba. Ruwa ne. Ni ɗan majemi ne. Na tashi cikin warin ƙirgi da bagaruwa a Tudun Wada, na yi fataucin fata, na koma hatsi, da Allah Ya buɗa sai na haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen mahaifiyarmu da ke gefen Riruwai don in riƙa yin ruwan leda. Ruwa ya fito da yawa, sai dai zartsi ne, ga wani ƙarni kamar mutum ya tsotsi ƙusa. Haka rijiyoyin wajen suke, kusa da tsofaffin ramukan kuza. Filin ma ba nawa ba ne, na gari ne. Dagaci ya ba ni a gaban dattawa bisa sharaɗi guda: kafin ruwan farko na damina ya sauka, zai zo ya sha ruwana da bakinsa. In ya shawu, fili ya zama nawa, mutanen gari su riƙa ɗiban na sha kyauta a famfon waje. In bai shawu ba, a miƙa wa masu wankin kuza, waɗanda tun tuni suke zarya gidansa, su kuwa ba ruwansu da ɗanɗano.

Injin tacewa a Kano na saye shi. A cikinsa akwai dogayen bututu huɗu, kowanne da tantanin roba a nannaɗe kamar tabarma. Ta jikin tantanin nan ake matsa ruwa, mai kyau ya wuce, gishiri ya tsaya. Sau biyu ina canza su, zartsi bai tafi ba. Na ce to, tunda a kasuwa abin da aka ga dama ake ba ni, bari in je inda ake yin abin. Na bar wa yayana Idi tsaron wurin na taho.

Ɗanliti ya sauke ni a wani masauki da tagarsa ke kallon bango. Kwana biyu yana zagaya ni kasuwanni, yana nuna mini fitilu da takalma, wai in ga gari. A rana ta uku na ce masa, "Alhaji, gari na gan shi. Damina ba ta jira na." Sai ya kai ni wani babban ɗakin baje kaya, ƙasa na ƙyalli, 'yan mata suna raba shayi marar sukari a kofuna kamar na wasan yara.

Maigidan wurin gajere ne mai fara'a. Ya sa aka kunna wani ƙaramin inji da ke jan ruwa daga tankin da bai wuce jarka biyu ba. Ruwa ya feso daga famfo, kafin ka ce me bokiti ya cika. Wallahi raina ya biya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban inji yana jiran tanki ya cika, man janareta na ƙonewa, ya san daɗin ganin ruwa na gudu haka. Aka miƙo mini kofi na sha. Garau.

"Ka gani?" in ji Ɗanliti. "Wannan ya ninka na Kano sauri. Sa hannu mu tafi cin abinci."

Na ce, "Ruwan da ke cikin tankin fa, daga ina?"

"Daga famfo mana."

"To ai tun kafin ya shiga injin yana shawuwa."

Ya ɓata fuska. "Haladu, nan ba kasuwar Tudun Wada ba ce da za ka soka wa buhu tsinke."

Ni kuwa tunda nake ban taɓa sayen buhu ban soka ba. A aljihun rigata akwai babban ƙullin gishiri da maiɗakina ta haɗa mini da yaji, saboda an ce mata abincin can lami ne. Na kwance shi, na ɗaga murfin tankin, na juye duka, na motsa da hannu har gwiwar hannu. 'Yan matan suka toshe baki. Na ce a kunna. Maigidan ya dubi Ɗanliti, Ɗanliti ya dubi ƙasa. Aka kunna. Na bari ya ɗan zuba, na tara kofi na kurɓa, sannan na miƙa wa Ɗanliti.

"Sha, Alhaji. Miya ce, kuka kawai ta rage."

Bai karɓa ba. A waje ya tsaya yana huci. Ya ce na zubar masa da mutunci a gaban mutanen da ya yi shekaru yana hulɗa da su. Na ce mutuncin da gishirin maiɗakina zai narkar ai da ma bai yi kauri ba. Ya shiga tasi ya bar ni a bakin titi. Da na kira wayarsa da yamma, a kashe. Washegari mai masauki ya nuna mini da hannu cewa ɗakin da sunan Ɗanliti aka kama shi, in fita.

Kwana shida na yi a garin nan ba ni da baki. Na samu wani ɗaki mai gadaje shida, ni da wasu mutanen da ban san ƙasarsu ba, kowa na kwana da jakarsa a ƙarƙashin kai. Rubutun kan tituna duk iri ɗaya nake ganinsa. Na shiga shaguna masu sayar da irin kayana sun fi goma. Da na fito da sabon ƙullin gishiri sai a ce inji ya lalace. Wani ma ya kore ni da tsintsiya. Yatsun ƙafata suka yi kanta saboda yawo. Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, gaisuwa ce. Mutum ya wuni cikin dubban jama'a babu wanda zai ce masa ina gajiya. A gida kafin in kai tasha daga ƙofar gidana sai na amsa gaisuwa har bakina ya bushe, ina ƙorafi. A can na tuba.

Kullum da hantsi Yaya Idi zai kira. "Ƙanena, hadari ya fara haɗowa ta wajen duwatsun Doguwa. Jiya masu kuza sun kai wa Dagaci rago." In ce masa komai na tafiya daidai. Ƙarya nake yi.

Wanda ya riƙe ni a kwanakin nan wani dattijo ne Musulmi mai sayar da taliya, da farar hula, a wani lungu. Ba ya jin nawa, ba na jin nasa, sallama ce kawai ta haɗa mu. Ranar da zazzaɓi ya kama ni, ya ga ina rawar sanyi a kan benci, ya shiga ciki ya fito da romo mai citta da bargonsa na kansa. Da na miƙa kuɗi ya ture hannuna yana faɗa da yarensu. Shi ne ranar Juma'a ya rufe shago ya ja ni masallaci.

Bayan sallama ina neman takalmina, sai na ji an ce a bayana, "Wannan hula da wannan ɗaure fuska, Bakano ne, kuma an cuce shi."

Na juya. Dogo ne baƙi, furfura ta fara masa a gemu. Na ce, "Daga jin rashin kunyar nan Badamagare ne."

"Malam Mamman, ubangidanka."

"Yaushe bawa ya samu fasfo?"

Muka rungume juna muna dariya, ni kuwa hawaye ne ke zubo mini, na ce zazzaɓi ne. Malamin makaranta ne daga Damagaram, ya zo ƙaro ilimi a wata jami'a can arewacin ƙasar Sin, kuma aikinsa a kan robar tace ruwa yake. Ya shigo gari ne karɓar takarda. Da na ba shi labarin gishiri sai da ya zauna a kan dakali don dariya. Ya ce, "Ka yi abin da ya kamata, amma ba ka san dalili ba. Biyo ni ka gani da idonka."

Wuni guda muka yi a jirgin ƙasa. Gonaki da dogayen gidaje suna ta wucewa, ban ga saniya ko ɗaya ba. Garin da muka sauka sanyinsa har cikin haƙori. Ya ba ni rigar sanyinsa, hannunta ya rufe mini yatsu, ya ce Kanawa da ma a tsaye suka gaza.

Da safe ya shigar da ni ɗakin gwajinsu. Ya ɗauko falle uku na wata roba mai haske kamar ledar alawa, ya jefa kowanne a cikin kofin ruwan ɗumi, ya ce mu je mu sha shayi. Da muka dawo, na farko ya kumbura ya yi yauƙi, ina taɓa shi ya rabu. Na biyu ya ɗan yi laushi amma yana nan yadda yake. Na uku ko gezau. Da na lanƙwasa shi sai ya tsage kamar ƙwaryar da ta sha rana.

"Roba ɗaya ce," in ji shi. "In da idonka zai iya gani, zaruruwa ne dogaye a cakuɗe. Na farko ba abin da ya riƙe wani zare da wani, ruwa na shiga suka buɗe. Na biyu mun sa masa wani magani da ke ƙulla kowane zare da maƙwabcinsa nan da can. Na uku mun cika masa ƙullin."

Na juya su a hannuna. Na ce, "Malam, ai wannan jima ce."

"Kamar yaya?"

"Ɗanyar fata in ta sha ruwa kumbura take ta ruɓe. In ta sha bagaruwa daidai, ka jiƙa ta ka shanya, tana nan. In ka bar ta ta wuce kima a cikin baho, ta yi tauri, tana karyewa a hannun baduku. Mahaifina da wuƙa yake yanka gefe ya duba ko ta ratsa."

Ya dube ni, sannan ya ɗaga wata ƙaramar kwalba. "Ka san maganin nan da muke ƙullawa da shi, har jimar fata ana yi da shi a manyan masana'antu? Shekara biyu ina karanta abin da ubanka ke yi da wuƙa."

Ya bayyana mini cewa robar da ke cikin bututuna ba irin wannan ba ce, kuma ɓangaren da ke yin aikin ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. In ƙulli ya yi kaɗan, zaruruwa suna sakewa, hanya ta yi faɗi, ruwa ya wuce a guje, gishiri ya bi shi. In ƙulli ya yi yawa, gishiri ba ya wucewa, amma ruwan ma da ƙyar, inji ya yi ta nishi. Gwaninta ita ce a tsaya a tsakani. Mai sakakken ƙulli yana da amfaninsa inda ruwa ba shi da zartsi sosai. Cutar ita ce a sayar maka da shi a matsayin na tace zartsi.

"Sun san abin da ke burge ɗan kasuwa," ya ce. "Bokiti ya cika da wuri."

Kwana biyu bayan haka ya raka ni wata ƙaramar masana'anta a bayan gari. Babu ƙasa mai ƙyalli, babu shayi. Wata mata mai kaushin hannu ce ke riƙe da wurin, ba ta yi mini murmushi ko sau ɗaya ba. Da na fito da ƙullin gishirina, ta karɓa ta auna a tafin hannu, ta taɓe baki, ta shiga ciki ta fito da babban kwano cike ta ƙara a tankin. Aka kunna. Ruwa ya riƙa zubowa siriri kamar daga bakin buta. Na kurɓa. Babu gishiri ko na rantsuwa. Na sake kurɓa, na tuna mahaifiyarmu da ta mutu tana aika a ɗebo mata ruwan rafi don ba ta iya haɗiye na rijiya.

Tantani huɗu injina ke ci, huɗu ƙarfina ya kai. Ana cikin ɗaure su, matar ta kama hannun rigata ta yi wata doguwar magana tana kaɗa yatsa. Malam Mamman ya ce, "Tana cewa abu ɗaya ke kashe shi, bilic, ruwan nan na faranta tufafi. Ko kaɗan kada ya taɓa shi. Yana bin ƙullin nan yana tsinkewa, kuma abin da ya tsinke ba ya komawa. Za ka ga ruwa ya ƙaru ka yi murna, alhali ka gama da shi." Ya yagi takarda daga teburinta, mai ɗauke da sunan masana'antar da lambarta a sama, ya rubuta da manyan baƙaƙe da Hausa: KADA A SA BILIC. RUWAN A HANKALI YAKE ZUWA, HAKA AKA YI SHI. Ya ce, "Ka manna a jikin injin, Bakano. Ranar da ka isa."

A tashar jirgi na cire rigar sanyinsa zan mayar, ya ce in riƙe, in nuna wa Kanawa irin kyautar sarakai. Ban sake ganinsa ba.

Na iso gida hadari na ta gurnani amma bai zubar ba. Muka ɗaura bututun ni da Yaya Idi. Ruwa ya zo siriri. Ya dube shi, ya dube ni. "Wannan ne abin da ka tafi bangon duniya ka sayo? Akuya ma ta fi shi." Na ce ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana ya yarda da daɗi, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya tambaye ni dalilin rashin ƙarfin, na ce masa haka yake, ya bar mini sauran.

A nan na yi abin da har gobe yake ci na. Na fito da takardar zan manna, sai idona ya faɗa kan sunan masana'antar. Akwai mutum biyu a Tudun Wada da ke shirin buɗe irin sana'ata, kuma Yaya Idi mutum ne mai hira a majalisa. Tun ina fataucin fata na koyi cewa ba a nuna wa kowa inda ake saro kaya, ko da ɗan'uwa ne. Wahalar da na sha kafin in gano wurin nan, wani ya zo ya karanta a bango kyauta? Ko tunanin yage saman takardar ban yi ba. Na ninke ta na tura cikin akwati, na ce gobe na yi masa bayani da baki.

Goben ta zama ranar da na tafi Kano ɗauko leda, domin tun a daren nan Dagaci ya aiko cewa jibi zai zo. Mota ta lalace mana a hanya, sai na kwana.

Na iso da hantsi na tarar an share fili, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun fara zama. Tun daga nesa na ji ƙarar ruwa a cikin tanki, ƙarar da ban san injina da ita ba. Yaya Idi ya taro ni yana washe baki.

"Ƙanena, na gyara maka! Ashe toshewa ya yi a hanya. Jiya da la'asar na jiƙa shi da bilic mai kauri yadda muke wa tankuna, da safe na ɗauraye. Zo ka ga ruwa. Yau ba za mu ji kunya ba."

Na juya na nufi injin. Kafin in kai ga famfo Dagaci ya iso, aka tashi ana gaisuwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Ya ce, "Alhaji Haladu, an sha hanya." Yaya Idi ya tara sabon kofin silba da hannu biyu ya kai masa.

Dagaci ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki. Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Sannan ya juya gefe a hankali, ya kare baki da hannun riga, ya zubar a bayan tabarma.

"Allah Ya saka da niyya," ya ce.

Na roƙi a ƙara mini wata uku. Ya ce shi da kansa ya so haka, amma a gaban mutanen nan aka yi magana, kuma a gabansu ya yi wa wasu alkawari. Ruwan farko ya sauka bayan kwana huɗu.

Ranar da muke kwance injin, na gaya wa Yaya Idi komai: zaruruwa, ƙulli, bagaruwa, matar mai kaɗa yatsa. Na ɗauko takardar na miƙa masa. Ya karanta a hankali yana bin baƙaƙen da yatsa.

"Tun yaushe take wurinka?"

"Tun can."

"Ni ka ɓoye wa, Haladu? Ni da na goya ka?"

Ya ninke ta yadda na ninke, ya sa mini a aljihu, ya ɗauki sifana ya ci gaba da kwance ƙusa. Bai ƙara tayar da zancen ba har yau, kuma bai ƙara ce mini ƙanena ba. Alhaji yake ce mini, kamar kowa.

Masu wankin kuza suna nan a filin, suna yaba rijiyar, wai ba su taɓa samun ruwa mai yawa irin nata ba. Matan garin sun koma rafi. Mutum biyun nan na Tudun Wada kuwa ba su ma buɗe sana'ar ba, ɗaya ya koma sayar da taki. Har yanzu babu wanda ya san inda na saro tantanin nan. Takardar tana cikin akwati, a aljihun rigar sanyin Malam Mamman.